Fatar jar akuya: masu saye a Turai sun fara tambayar hannuwan da ta ratsa

Duk ranar kasuwa a Dakwaro, da Sakabal, da Kornaka, da Sabon Mashi, idan mahauta suka gama fiɗa, akwai mutanen da ke bi rumfa-rumfa suna tattara fatun awaki da na tumaki. Ba a jin hayaniyarsu kamar ta dillalan shanu, jarinsu ma bai taka kara ya karya ba, amma daga hannunsu ne wata doguwar hanya ke somawa, wadda ke bi ta Maraɗi, ta tsallaka iyaka zuwa Kano, daga nan ta kai ga masana'antun Italiya da na Sin, har fatar ta zama takalmi, ko safar hannu, ko jakar mata a wani babban kanti. Shekara da shekaru mai saye na can abu biyu kawai yake tambaya, wato kyawon fata da farashinta. Yanzu dokokin ƙasarsa sun ƙara masa tambaya ta uku: an tauye haƙƙin wani ɗan Adam kafin wannan kaya ya iso? Ya kamata ƴan kasuwa da ma'aikatan jihar Maraɗi su san da wannan tambaya tun ba ta iso ƙofar shagonsu ba.

Darajar da aka gada

Jar akuyar Maraɗi ta daɗe da yin suna. Fatarta na da laushi da ƙwari, tana kuma karɓar rini, shi ya sa tun zamanin ayari fatake ke ratsa Sahara da ita, tare da ta ƴar'uwarta ta Sakkwato, zuwa Arewacin Afirka. Turawa suka riƙa sayenta a can suna kiranta fatar Maroko, suna yi wa manyan littattafai bango da ita. Ke nan tun ran gini tun ran zane, sunan mai kiwo bai taɓa bin fatarsa zuwa kasuwar duniya ba.

Bayan samun mulkin kai, gwamnati ta buɗe cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi a farkon shekarun 1960, sannan aka kafa kamfanin SNCP mai tattara fatu da ƙiraga, da masana'antar jima ta SONITAN a birnin Maraɗi, wadda ta yi aiki a shekarun 1970 da 1980 kafin ta rufe. A wancan lokaci ma'aikatan kiwo na duba fatu a mahauta da rumfunan shanya, suna rarraba su daraja-daraja. Da waɗannan kamfanoni suka durƙushe, sai akasarin fatun jihar suka koma fita ɗanye, ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, zuwa masana'antun Kano da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai.

A kudancin gundumar Dakwaro, inda ake noma, jar akuya dukiyar mata ce: da ita ake sayen magani, da ita ake haɗa kayan ɗaki, nononta kuma na yara ne. A arewa, daga kwarin Tarka zuwa Bermo da Gadabeji, Fulani da Abzinawa ke kiwon shanu da tumaki da dogayen awakin Sahel. Fatun duka ɓangarorin biyu a buhu ɗaya suke haɗuwa.

Mai karatu ya ƙirga hannuwan. Mai akuya ta ba dillali, dillali ya sayar wa mahauci, mahauci ya ba yaron mai tara fata, shi kuma ya kai wa ubangidansa a Maraɗi, daga nan wakilin masana'antar Kano ya saya. A Kano a jeme ta rabin jima, a loda ta zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas, a ƙarasa gyaranta a garuruwa irin su Solofra ko Santa Croce na Italiya. Kafin ta isa Kano ta ratsa hannu biyar ko shida, kuma da wuya a sami takarda ko guda da ke nuna garin da ta fito. Da ta tsallaka Jibiya ta zama fatar Najeriya, da ta bar Solofra ta zama ta Italiya.

Abin da dokokin suka ce

Ranar 16 ga watan Yuni 2011, Majalisar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janeba ta amince da ƙa'idoji 31 waɗanda shaihin malami John Ruggie ya tsara game da kamfanoni da haƙƙin ɗan Adam. Sun ce kare haƙƙi nauyin gwamnati ne, mutunta shi nauyin kamfani ne, wanda aka cuta kuma dole ya sami inda zai kai kuka. Sabon abin da ke ciki shi ne, alhakin kamfani bai tsaya a bakin ƙofar masana'antarsa ba, ya kai har ga waɗanda yake sayen ɗanyen kaya a hannunsu. Sai dai ƙa'idoji ne na shawara, babu kotun da ke hukunci da su.

Abin da ya sa aka mai da shawara doka shi ne bala'in Rana Plaza. Ranar 24 ga watan Afrilu 2013 wani bene mai cike da shagunan ɗinki ya rufta kusa da Dakka, babban birnin Bangaladash, mutum fiye da 1,100 suka rasu, aka kuma tsinci tambarin manyan kantunan Turai cikin ɓaraguzai, har da na Faransa. Kowane kanti ya ce ba ma'aikatansa ba ne, na ɗan kwangila ne. Ranar 27 ga watan Maris 2017 Faransa ta kafa dokar da ake kira devoir de vigilance, wato wajibcin sa ido. Ta shafi kamfanin da ke da ma'aikata 5,000 a Faransa ko 10,000 a duniya baki ɗaya. Dole ya wallafa tsarin da ke nuna inda haɗari yake cikin harkokinsa, da yadda yake bincikar masu kawo masa kaya, da matakan da ya ɗauka, da hanyar da za a sanar da shi idan an ga ɓarna, da yadda yake bin diddigin gyara. Wanda abin ya shafa na iya kai shi gaban alƙali. A watan Maris 2021, alal misali, wasu ƙungiyoyin ƴan asalin dajin Amazon na Brazil da Kolombiya sun kai kamfanin Casino ƙara a Faransa, bisa zargin sayar da naman shanun da aka kiwata a filayen da aka sare daji aka kuma ƙwace wa mutane.

A 2024 Tarayyar Turai ta yi tata dokar mai kama da wannan. A 2025, bayan matsin lambar manyan kamfanoni da wasu gwamnatoci, aka ɗage ranar fara aiki da ita, aka kuma rage yawan kamfanonin da ta shafa. Duk da haka alƙalai ba su jira ta ba. A 2024 wata kotu a Milan ta ɗora wa wani reshen Armani da wani reshen Dior mai sa ido daga waje, saboda sakacinsu game da ƙananan shagunan da ke yi musu aikin jakunkuna, inda baƙin ma'aikata ke kwana a wurin aiki, aka kuma cire wa injuna abin kariya don aiki ya yi sauri. Takardun bincike sun nuna jakar da aka biya ɗan kwangila Yuro 53 a kanta, wajen jikka 35 na sefa, ana sayar da ita Yuro 2,600 a kanti, fiye da miliyan 1 da jikka 700. Kotun ta janye matakin a 2025 bayan kamfanonin sun yi gyara. Idan har irin wannan ta ɓuya a bayan garin Milan, mai karatu na iya auna abin da zai iya ɓuya a nisan dubban kilomita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda haɗarin yake a wannan yanki

Na farko shi ne aikin yara. Babu mai hankalin da zai kira yaron da ke kora awakin gidansu bayan an tashi daga lakkol wanda aka zalunta. Haka ake koyon kiwo. Abin da doka ta hana shi ne a ɗauki ƙaramin yaro haya ya bi garken wani wata da watanni, ko ya wuni a bakin rijiya mai zurfi yana kora jaki ko raƙumin jan guga, ba karatu, ba hutu. Dokar ƙwadago ta 25 ga watan Satumba 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, kuma tun 2000 Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniya mai lamba 182 ta Ƙungiyar ƙwadago ta duniya, wadda ta haramta munanan ayyukan yara. Yaran da ke wanke ɗanyun fatu da hannu tsirara a mahauta su ma suna cikin haɗarin cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum.

Na biyu shi ne kiwon da ba a biyan ladansa. A wasu sassan yankin makiyaya na ƙasar nan har yanzu akwai iyalan da ke yi wa wasu kiwo da ɗiban ruwa saboda an ce haka kakanninsu suka yi. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta daɗe tana faɗakarwa a kai. Dokar 13 ga watan Yuni 2003 ta mai da bautarwa babban laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ranar 27 ga watan Oktoba 2008 kotun CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12, ta kuma ce a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairu 2025, amma dokar 2003 ta ƙasa ce, tana nan daram. Kuma Nijar ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince, a watan Mayu 2015, da ƙarin yarjejeniyar 2014 mai yaƙi da aikin tilas. Mai bincike daga Turai ya san waɗannan duka, da su zai soma tambaya.

Na uku shi ne ƙasa da ruwa. Dokar 26 ga watan Mayu 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, kuma gundumar Dakwaro na kan wannan iyaka. Tun daga lokacin gonaki sun hau arewa, burtali ya tsuke, wasu masu kuɗi kuma sun shiga killace makiyaya da haƙa rijiyoyin kansu suna sayar da ruwa. Kundin tsarin karkara na 2 ga watan Maris 1993 da dokar kiwo ta 20 ga watan Mayu 2010 sun tabbatar cewa yawon kiwo haƙƙi ne, sun kuma hana mutum ɗaya ya mallake filin kiwo na jama'a. Mutanen jihar Maraɗi sun san tsadar rikicin ƙasa: ranar 30 ga watan Oktoba 1991, ana tsakiyar Taron ƙasa, an kashe mutum fiye da 100 a Toda, cikin yankin Gidan Rumji, galibinsu mata da yaran makiyaya. Fatar da ta fito daga garken da aka kiwata a filin da aka hana wa jama'a, irin ƙarar da aka kai Casino ce ke jiranta.

Na huɗu yana can Kano. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki, amma masana'antu da gishirin kurom suke jima, wanda ke mai da fata shuɗiya. Masana na jami'o'in Najeriya sun sha auna ruwan da ke fita daga masana'antun zuwa kogin Challawa, suka sami kurom da sauran dafi a ciki, alhali da wannan ruwa ake ban-ruwan lambuna, a cikinsa ake su. Lebura mai tsoma hannu cikin sinadari ba safa ba takalmi shi ma yana cikin hannuwan da fatar Dakwaro ke ratsawa.

Akwai kuma darasin jaki. Da masana'antun Sin masu dafa fatar jaki su yi maganin da suke kira ejiao suka buɗe baki, hukumomin Nijar sun ce an fitar da jakai 80,000 cikin watannin farko na 2016, alhali 27,000 aka fitar a duk shekarar 2015. Farashi ya ninka har talaka ya kasa saye, gwamnati ta hana fitar da su a wannan shekara, Tarayyar Afirka kuma ta yanke shawarar hana yanka jaki don fatarsa a watan Fabrairu 2024. A ƙasa irin ta Dakwaro, inda jaki ke jan guga ya kuma kai ruwa gida, idan ya ɓace a kan mace da ƴarta nauyin ke komawa. Mai masana'antar bai taɓa ganinsu ba, amma cinikinsa ya taɓa su.

Haɗarin da dokar kanta ke ɗauke da shi

Dokar Faransa ta tsaya ne kan masu kawo kaya waɗanda kamfani ke da tsayayyar hulɗar ciniki da su. Mai tara fata a Sakabal ba ya cikinsu, bai ma san sunan kamfanin ba. Saboda haka babban kamfani na da hanyoyi biyu masu sauƙi. Ko ya karɓi takardar da masana'antar Italiya ta sa wa hannu cewa kayanta tsarkakakke ne, ya kau da kai daga sauran, ko kuwa ya ce fatar Sahel ba a san asalinta ba, ya koma sayen ta wata ƙasa mai rajistar dabbobi. A ta farko zalunci ya ci gaba a ɓoye, a ta biyu mai akuya ta rasa kasuwa.

An ga ta biyun a Kwango. A 2010 Amurka ta yi dokar Dodd-Frank, wadda ta tilasta wa kamfanoni su bayyana ko kuza da zinariya da wasu ma'adinan da suke amfani da su sun fito daga filin yaƙi. Shugaba Joseph Kabila ya dakatar da haƙar ma'adinai a gabashin ƙasar daga watan Satumba 2010 zuwa Maris 2011, masu saye da yawa suka ƙaurace wa yankin gaba ɗaya, ƙananan mahaƙan da aka ce za a kare su ne suka fara kwana da yunwa. Sai da aka kafa tsarin sa wa kowane buhu lamba tun daga bakin rami kafin ciniki ya fara dawowa.

Makiyayin Dakwaro ba shi da ƙarfin jure irin wannan. A yunwar 2005 da farin 2010 ya sayar da dabbobinsa a kan abin da bai kai kuɗin buhun hatsi ba. Da aka rufe iyakar Najeriya daga watan Agusta 2023 zuwa Maris 2024, kowane ɗan kasuwar jihar ya ga yadda ciniki ke tsukewa idan ƙofa ɗaya tilo ta rufe. Talauci ne ke fitar da yaro daga aji ya kai shi bakin rijiya, don haka duk matakin da zai karya farashin akuya ƙara yawan irin waɗannan yara zai yi.

Abin da ke hannun ƴan kasuwa da ma'aikata

Maganin abin shi ne fatar ta sami takarda tun daga cinikin farko, kuma wannan aiki ba a Paris za a yi shi ba. Kayan aikin ma akwai su. A kowace babbar kasuwar dabbobi ma'aikacin magajin gari na yanka tikiti, ma'aikacin kiwo na duba nama a mahauta, Sarkin Fawa ya san kowane mahauci da yawan abin da ya yanka. Idan aka ƙara wa tikitin sunan gari ko rugar da dabba ta fito, aka kuma ba mai tara fata rasit mai lamba, rabin hanya ta samu da littafi ɗaya da hatimi ɗaya. A farkon shekarun 2020 an yi wa fatar jar akuyar Maraɗi rajistar tambarin haɗin gwiwa a hukumar OAPI da ke Yawunde. Tambari irin wannan na zuwa da sharuɗɗan da masu amfani da shi suka yarda da su, kuma babu abin da zai hana manyan masu fatu na Maraɗi su rubuta a ciki cewa ba su sayen fatar garken da ake kiwo da aikin tilas, ba su kuma sa ƙaramin yaro wankin fata.

Ma'aikata su ma da nasu rabon. Sufetan ƙwadago na jiha ya riƙa leƙa mahauta da rumfunan shanya, kada ya tsaya ga ofisoshin cikin birni. Hukumomin filaye na gunduma da na ƙauye, waɗanda ake kira Cofo, su shata burtali da mashaya su sa musu alama, su kuma ba ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN kofin taswirar. Makarantun ƴaƴan makiyaya masu ba da abinci su sami hatsinsu a kan kari, domin ranar da tukunya ta daina tafasa, ranar aji ke watsewa.

Sauran nauyin na mai saye ne. Ƙa'idojin 2011 sun ce kamfani ya fara amfani da ƙarfin da yake da shi don a gyara, yanke hulɗa sai idan gyara ya gagara. Littafi da hatimi da safar hannu da abincin lakkol duk kuɗi ne, kuma tazarar da ke tsakanin Yuro 53 da Yuro 2,600 ta nuna inda kuɗin yake. Ɗan kasuwar da ya zo teburin ciniki da rajistarsa a hannu na da bakin neman ƙari a kan kowace fata, da yarjejeniyar shekara biyu ko uku maimakon cinikin mota ɗaya. Wanda ya zo hannu rabbana sai abin da aka yanka masa.

Yau maganar fata ake yi, amma tambayar ba za ta tsaya a kanta ba. Riɗi da aya da ƙaro duk suna fita daga jihar nan zuwa masana'antun waje, haka ma zinariyar Ɗan Isa, inda rami ya rufta a watan Nuwamba 2021 ya kashe aƙalla mutum 18. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Littafin rajista na farko ba ya buƙatar taron Yamai ko tallafin wata ƙasa; ofishin magajin garin Dakwaro, da shugaban ma'aikatar kiwo, da Sarkin Fawa, da masu tara fata na iya buɗe shi a kasuwa mai zuwa.